Wa Ke Riƙe Da Sikelin? Wasiƙa Kan Aƙidar Auna Amfani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu, nasan wannan tawa ta yi tsawo, in ta kama a raba ta gida biyu a raba, ba komai.

Akwai wata magana da ba ta barin bakin masu iko a ko'ina a duniya, shugaban ƙasa ne ko shugaban kamfani ko janar ɗin soja, wato "mun yi ne dan amfanin mafi yawan jama'a". Za a rushe unguwa a yi titi ace dan amfanin jama'a ne, za a ƙara haraji ace haka, lokacin korona da wannan hujjar aka kulle biranen duniya, kai har bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945 masu kare shi cewa suke rayukan da ya ceta sun fi waɗanda ya halaka yawa. Mu kuma masu saurare ko mu gyaɗa kai ko mu yi Allah wadai, amma kaɗan ne a cikinmu suka san cewa maganar nan tana da iyaye da kakanni, an cika littattafai a kanta, kuma tana da sharuɗɗa masu tsauri waɗanda masu fakewa da ita ba sa so a tuna musu. Turawa na ce mata yutiliteriyanizim, ni zan kira ta aƙidar auna amfani.

Abinda take cewa ba shi da wuyar ganewa. In kana so ka san aiki mai kyau ne ko mummuna, kar ka tambayi wa ya yi umarni da shi, kar ka tambayi ko haka kakanni suka saba, kar ma ka tsaya kan niyyar mai aikin, ka duba abinda aikin ya haifar kawai. In ya ƙara wa mutane jin daɗi ya rage musu wahala fiye da duk wani zaɓi da kake da shi a lokacin, to shine daidai. In akwai zaɓin da ya fi shi kawo sauƙi ka bari, ka yi ba daidai ba ko da zuciyarka fara ce tas. Sai kuma sharaɗin da komai ya rataya a kansa, wanda kuma shi ake fara jefarwa: a wajen wannan lissafi kowa mutum ɗaya ne, babu wanda ya fi ɗaya. Ciwon kan sarki da ciwon kan mai share masa fada nauyinsu ɗaya a sikeli, haka na ɗanka da na ɗan wanda baka taɓa gani ba a wata nahiya.

Wanda ake ɗauka uban tafiyar shine Jeremy Bentham, ɗan Ingila, an haife shi a Landan a 1748 ya rasu a 1832. Ba shi ya fara furta maganar ba, Francis Hutcheson ya rubuta kusan irinta tun 1725, Cesare Beccaria ɗan Italiya ma ya kawo ta a littafinsa kan laifi da hukunci a 1764, in ma za a tono da nisa akwai Mozi a ƙasar Sin ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da yake auna al'adu da amfanin da suke yi wa jama'a. Amma Bentham ne ya rungume ta ya mayar da ita sana'a. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, yana ɗan shekara 12 ya shiga jami'ar Oxford, ubansa lauya ne kuma burinsa ɗan ya zama babba a harkar shari'a, shi kuwa da ya ga yadda dokar ƙasar take sai ya watsar da lauyancin ya koma sukar dokar har ƙarshen rayuwarsa. Kuma ba za ka ga laifinsa ba in ka san Ingilar wancan zamani, laifukan da hukuncinsu kisa ne sai da suka haura 200, mutum zai saci kayan sule biyar a kanti doka tace a rataye shi. Malaman doka irin su William Blackstone, wanda Bentham ya zauna ya saurari darasinsa, suna ta yabon tsarin wai hikimar magabata ce. Bentham yace shi tambayarsa ga kowace doka itace, wa take amfana, wa take cutarwa, kuma da nawa?

Littafinsa na 1789 kan ginshiƙan ɗabi'a da kafa doka ya buɗe ne da cewa ɗan Adam yana ƙarƙashin iyayengiji biyu, zafi da daɗi, su ke nuna masa abinda ya kamata ya yi, su ke kuma juya abinda zai yi. Bai tsaya nan ba sai da ya kawo yadda za a auna su, abubuwa bakwai: ƙarfin daɗin, tsawon lokacinsa, tabbacin samuwarsa, kusancinsa, ko zai haifi wani daɗin a gaba, ko zai jawo wahala a bayansa, sai yawan mutanen da zai shafa. Ɗauki mashayi, daɗin da yake ji a daren mai ƙarfi ne, tabbatacce ne, ga shi nan take, amma gajere ne, da safe ciwon kai na jiransa, kuma in ka sa matarsa da yaransa da wanda zai buge da mota a hanya sai sikelin ya kife. Bentham ba zai ce maka giya ƙazanta ce ba, zai ce lissafinta ne bai fita ba. Da wannan idon ya kalli hukunci, yace duk wani hukunci sharri ne a karan kansa tunda wahala ce ake ɗora wa mutum, ba a yarda da shi sai in zai toshe sharrin da ya fi shi girma, kaga ramuwa da huce haushi ba su da gurbi kenan. Da shi ya kalli dabbobi a zamanin da ba kowa ya damu da su ba, yace ba ana tambaya bane ko suna da hankali ko suna magana, abin tambaya shine suna jin zafi?

Amma fa mutumin yana da nasa. Haƙƙoƙin da ake cewa an haifi ɗan Adam da su, waɗanda 'yan juyin juya halin Faransa suka shelanta, yace shirme ne tsagwaronsa, a wajensa haƙƙi ɗan doka ne, in babu doka babu haƙƙi. A 1787 ya rubuta littafi yana kare bashi da ruwa. Ya kwashe shekaru yana bin gwamnati ta bashi kwangilar wani gidan yari da ya zana mai suna Panoptikon, gini zagayayye, ɗakunan fursunoni a jikin da'irar, wurin mai gadi a tsakiya inda zai ga kowa amma ba wanda zai gan shi, fursuna bai san yaushe ake kallonsa ba saboda haka dole ya zauna kamar kullum ido na kansa. Ba a gina ba, ƙarshe diyyar fam 23,000 aka biya shi a 1813. Wasu na cewa tausayi ne ya sa shi tunda gidajen yarin lokacin ramukan cuta ne, ni kuwa duk sanda na tuna zanen nan tsigar jikina tashi take. Har gawarsa bai bari ta tafi a banza ba, wasiyya ya bari a feɗe ta dan amfanin ilimin likitanci, sannan a sa wa ƙwarangwal ɗin tufafinsa a zaunar da shi kan kujera, kuma yanzu haka yana nan zaune cikin akwatin gilashi a jami'ar UCL ta Landan da kan da aka yi da kaki, dan na gaskiyar ya lalace wajen busarwa.

In kana so ka ga aƙidar nan a aikace, alherinta da sharrinta a jikin mutum guda, dubi Edwin Chadwick wanda ya yi wa Bentham sakatare a ƙarshen rayuwarsa. Shine ya fitar da rahoton 1842 kan ƙazantar unguwannin ma'aikata, ya nuna da alƙaluma cewa talakawa na mutuwa da ƙuruciyarsu saboda ƙazanta da rashin magudanai da ruwa mai tsafta, kuma barinsu su mutu ya fi gyaran tsada tunda marayu da zawarawa kan hukuma suke komawa, wannan ya taimaka aka kai ga dokar lafiyar jama'a ta 1848. Allah kaɗai ya san rayukan da magudanan nan suka ceta. To amma shi dai wannan Chadwick ɗin yana cikin waɗanda suka tsara dokar matalauta ta 1834, wadda ta tura mai neman taimakon hukuma gidan aikin dole, a raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, kuma da gangan a sa rayuwar ciki ta fi ta lebura mafi talauci a waje muni dan kar mutane su yi sha'awar zuwa. Lissafi ne ya haifi magudana, lissafi ne ya haifi gidan aikin dole, kuma a duka biyun ba wanda ya tambayi talakan.

Sai John Stuart Mill, 1806 zuwa 1873, wanda ni a ganina ya fi kowa ban sha'awa dan shi a jikinsa aka gwada abin. Ubansa James Mill aminin Bentham ne, sai ya ƙudurta zai rene ɗansa ya zama magajin tafiyar. Yana shekara uku aka fara koya masa Girkanci, yana takwas aka ɗora masa Latin, babu zuwa makaranta, babu wasa da sa'o'insa, da safe in sun fita tattaki da uban sai ya biya masa abinda ya karanta jiya. Yana shekara 20, a 1826, abin ya fashe. Shi da kansa ya bada labari a tarihin rayuwarsa, yace ya tambayi kansa, a ce duk gyare-gyaren da kake fafutuka a kai su tabbata yau ɗin nan, za ka yi farin ciki? Sai zuciyarsa tace masa a'a. Ka ji fa, yaron da aka gina dan ya ƙara wa duniya farin ciki shi kansa bai san ɗanɗanonsa ba. Ya shiga damuwa ta watanni, kuma cikin abubuwan da suka fiddo shi akwai waƙoƙin William Wordsworth, wato dai waƙa, abinda Bentham yace in daɗin ya zo ɗaya to ba ta fi wasan yara na tura allura daraja ba.

Shi yasa da ya zo rubuta nasa bayanin, wanda ya fara fitowa a mujalla a 1861 ya zama littafi a 1863, sai ya yi kwaskwarima. Masu suka sun daɗe suna cewa wannan ai aƙidar aladu ce, in daɗi ne ma'auni to alade a cikin taɓo ya gama cin riba. Mill yace a'a, daɗi hawa-hawa ne, na ilimi da tunani da kyawun hali ya fi na ciki da na barci daraja, gara ka zama mutum mara gamsuwa da ka zama alade mai gamsuwa, gara Sokratis, masanin falsafar Girka, cikin damuwa da wawa cikin nishaɗi. In ka tambaye shi wa zai raba gardama sai yace wanda ya ɗanɗani duka biyun. Maganar ta yi daɗi a kunne, amma Malam Edita a nan nake ganin ɓaraka ta shigo. In daɗi ne kaɗai ma'auni, da me aka gane wani daɗin ya fi wani daraja? Ashe akwai wani ma'aunin a ɓoye a aljihu. Sannan su waye waɗannan da suka ɗanɗani duka biyun? In ka duba da kyau sai kaga 'yan boko ne irin su Mill ɗin. Bentham da duk bauɗaɗɗen halinsa ya fi adalci a nan, dan shi bai ce daɗin farfesa ya fi na lebura ba.

Ba zan rage wa Mill ba, ya yi abin a yaba. Littafinsa kan 'yanci na 1859, wanda yace tare da matarsa Harriet Taylor suka yi tunaninsa, ya kafa ƙa'idar cewa hukuma ko jama'a ba su da ikon tilasta wa baligi mai hankali komai sai dan hana shi cutar da wani, yace ko duk duniya na kan ra'ayi ɗaya mutum guda ya saɓa, ba su da ikon rufe masa baki kamar yadda shima ba shi da ikon rufe nasu. Da ya shiga majalisar dokoki, 1865 zuwa 1868, ya kawo gyara a 1867 cewa a ba mata damar zaɓe, aka kada shi da ƙuri'a 196 shi yana da 73, sai a 1918 wasu matan Birtaniya suka samu. Ya kuma jagoranci kwamitin da ya nemi a gurfanar da Eyre, gwamnan mulkin mallaka na Jamaika, kan kisan gillar da aka yi wa baƙaƙen fata a Jamaika a 1865, abinda ya jawo masa baƙin jini ba kaɗan ba.

To amma buɗe littafin 'yancin nan, a babin farko ma, zaka tarar ya rubuta cewa wannan 'yancin ba na kowa bane, mulkin kama-karya halal ne a kan al'ummun da ya kira marasa wayewa muddin manufar a gyara su ce kuma gyaran ya samu. Wanda ya rubuta wannan shekara 35 ya yi yana aiki a kamfanin East India mai mulkin Indiya, daga 1823 zuwa 1858, ubansa ma a can ya samu aiki bayan ya rubuta tarihin Indiya mujalladi uku yana kushe mutanenta, alhali bai taɓa taka ƙasar ba kuma ko yare ɗaya nata baya ji. Ina maganar kowa mutum ɗaya ne ta shiga? Za su ce maka tana nan, ai an lissafa Ba'indiye, dan amfaninsa ma ake mulkarsa. An lissafa shi kam, amma ba a tambaye shi ba, wani ne a ofis a Landan ya zauna ya yanke mene ne daɗinsa. Duk wanda kakanninsa suka ɗanɗani mulkin mallaka ya san wannan murya.

Na ukunsu Henry Sidgwick ne na Cambridge, 1838 zuwa 1900, ba a cika jin sunansa ba dan rubutunsa nauyi gare shi, amma masana da yawa na ganin ba a yi wa aƙidar gini mai ƙwari kamar littafinsa na 1874 ba. Mutum ne mai gaskiya, a 1869 ya ajiye muƙaminsa a kwalejin Trinity dan ya daina yarda da aƙidar cocin da ya sa hannu a kai, yana kuma cikin waɗanda suka kafa kwalejin mata ta Newnham. Yace in ka kalli abu ta mahangar duniya baki ɗaya, alherin wani bai fi na wani muhimmanci ba. Amma da ya zo ƙarshen littafin sai ya amsa cewa ya kasa kawo hujjar da zata gamsar da mai son kansa ya sadaukar da nasa daɗin dan na jama'a, in dai babu wani tabbacin za a saka masa. Ya kuma faɗi abinda wasu ke ɓoyewa, cewa bisa lissafin aƙidar kanta zai iya zama mafi amfani a bar gama-garin mutane kan kar ka yi ƙarya kar ka saɓa alkawari, 'yan ƙalilan masu wayewa su riƙa yin lissafin a asirce. Masanin falsafa Bernard Williams daga baya ya raɗa wa wannan suna aƙidar gidan gwamna, irin gidan da gwamnan mulkin mallaka ke zama, kuma wallahi sunan ya dace da ita.

Yanzu bari in kawo inda abin yake cijewa, kuma ba tatsuniya bace, a kotu aka yi ta. A 1884 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette ya taso daga Ingila zai je Sidni ta Ostareliya sai ya nutse a tekun Atlantika ta kudu, mutum huɗu suka tsira a ɗan kwale-kwale da gwangwani biyu na kayan lambu, babu ruwan sha. Suka kama kunkurun ruwa guda suka ci ya ƙare. Bayan kusan kwana 20 yaron jirgin, Richard Parker ɗan shekara 17, wanda ya sha ruwan teku, ya kwanta magashiyan, sai kyaftin Dudley da abokin aikinsa Stephens suka yi shawara, su masu iyali ne shi maraya ne kuma da alama ba zai kai ba, Dudley ya yanka shi, suka rayu da namansa da jininsa har wani jirgin Jamus ya tsince su bayan 'yan kwanaki. Da suka dawo gida ko ɓoyewa ba su yi ba, a ganinsu al'adar teku ce. Lissafi a fili yake, uku sun rayu maimakon huɗu su mutu. Kotu tace lalura ba ta halatta kisa, ta yanke wa su biyun hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa wata shida a kurkuku. Alƙalin ya tambaya, wa zai zama alƙalin irin wannan lalura, da wane ma'auni za a auna ran wani da na wani, sannan ya ja hankali cewa mafi rauni, mafi ƙuruciya, wanda ba zai iya kare kansa ba, shi aka zaɓa.

Masana falsafa na ƙarni na 20 sun yi ta ƙirƙiro irin wannan. Philippa Foot a 1967 ta kawo na taragon da birkinsa ya tsinke, zai take mutum biyar sai in direba ya karkata shi kan layin da ke da mutum ɗaya, yawancin mutane na cewa a karkata. Judith Thomson ta ɗora da na likita, marasa lafiya biyar kowanne na buƙatar dashen wata gaɓa, ga lafiyayye ya shigo a duba shi, a yanka shi a raba musu? Biyar da ɗaya ne a duka biyun, amma a na biyun kowa cewa yake subhanallahi. Masu kare aƙidar suka ce to a daina auna aiki ɗaya-ɗaya, a auna ƙa'ida, wace ƙa'ida ce in kowa ya bi ta za a fi jin daɗi? Duniyar da likita ke da izinin yanka lafiyayye ba mai ƙara zuwa asibiti, saboda haka ƙa'idar ta faɗi. Amsa ce mai kyau, sai dai J.J.C. Smart na Ostareliya, wanda shima mai bin aƙidar ne, yace wannan bautar ƙa'ida ce, in ka tabbata a wannan karon karya ta ya fi amfani kuma ba wanda zai sani me zai hana ka? Ni kuma abinda ke damuna da amsar shine, tana cewa a ƙyale mutumin nan dan kar jama'a su guji asibiti, ba dan ransa nasa bane. John Rawls a 1971 shi ya sosa inda ke ƙaiƙayi, yace aƙidar ba ta ɗauki rabuwar mutum da mutum da muhimmanci ba. Ni in na jure zafin cire haƙori yau ni zan ji sauƙi gobe, amma in an ɗora min wahala dan kai ka ji daɗi, ai wanda ya biya daban wanda ya karɓa daban.

Kar a ɗauka jana'iza na zo yi wa aƙidar. Mai riƙe da tutarta a zamaninmu shine Peter Singer, haifaffen Melbon a 1946, kuma maƙalarsa da ta fito a 1972, wadda ya rubuta lokacin da miliyoyin mutanen Gabashin Bengal, inda ya zama Bangladesh, ke gudun hijira suna mutuwa, har yau tana hana mutane sukuni. Yace kana wucewa kaga ƙaramin yaro na nutsewa a kududdufi mara zurfi, in ka shiga kayanka zasu ɓaci da taɓo, zaka wuce? Kowa zai ce haba. To yace meye bambancin yaron nan da wanda ke mutuwa a nesa, wanda kuɗin da kake kashewa kan abinda baka buƙata zai iya cetonsa? Nisa ba hujja bace. Kaga a nan ba talaka aƙidar take matsa wa ba, mai hali take shaƙe wa wuya, kuma wannan ce fuskarta da masu iko ba sa ambata. Fam goma a hannun wanda bai ci ba ya fi fam goma a hannun attajiri amfani nesa ba kusa ba, Bentham da kansa ya lura da haka, saboda haka in da gaske ake lissafin yawanci ƙasa dukiya zata gangara ba sama ba. Daga irin wannan tunani Toby Ord na Oxford da abokansa suka kafa ƙungiya a 2009 wadda mambobinta ke alkawarin bada kashi 10 cikin 100 na abinda suke samu. Amma shi dai Singer ɗin a littafinsa na 1979 yace a wasu lokuta ana iya halatta kawo ƙarshen ran jaririn da aka haifa da naƙasa mai tsanani, abinda ya sa masu naƙasa suka yi masa zanga-zanga a Jamus da kuma lokacin da jami'ar Princeton ta ɗauke shi a 1999. Ga kuma Sam Bankman-Fried mai kamfanin kirifto na FTX da ya riƙa cewa yana tara dukiya ne dan ya bayar, kotun Amurka ta ɗaure shi shekara 25 a 2024 kan damfarar kuɗin mutane.

Nasan tun ɗazu wasu masu karatu na cewa ai wannan maslaha ce, malamai sun riga su. Akwai kama, Imam Gazali da ya rasu a 1111 ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare, addini da rai da hankali da zuri'a da dukiya, Shaɗibi da ya rasu a 1388 ya faɗaɗa, ga kuma ƙa'idar nan ta tunkuɗe ɓarna ya gabaci jawo amfani. Amma kar a yi saurin ɗaura musu aure. A wajen malaman usulu maslaha a cikin shinge take aiki, shi kuwa Bentham shingen ne ma ya zo ya auna, in bai ci jarrabawa ba a tuge shi. Gazali har ya kawo mas'alar mutanen da ke cikin jirgin ruwa waɗanda in sun jefa ɗaya a ruwa zasu tsira, da ta waɗanda yunwa ta kama in sun ci ɗayansu ta hanyar ƙuri'a zasu rayu, yace bai halatta ba, shekaru sama da 700 kafin shari'ar su Dudley.

Ni dai ga inda na tsaya. Akwai wurin da ba makawa sai an auna, magani kaɗan marasa lafiya da yawa, kasafi ɗaya buƙatu ɗari. Hukumar NICE mai tantance magunguna a Ingila da aka kafa a 1999 tana lissafa shekarun rayuwa cikin lafiya da magani zai ƙara wa mutum da kuɗin da zai ci, ta kwashe shekaru da dama tana amfani da ma'aunin fam 20,000 zuwa 30,000 kan kowace shekara, mutane na zaginta in ta ƙi wani maganin kansa mai tsada, amma aƙalla lissafin a bainar jama'a yake kuma akwai hanyar ɗaukaka ƙara. Wanda ya ƙi aunawa shima ya zaɓa, sai dai a makance, kuma yawanci mai babbar murya ke cin riba. Dan haka in mai iko yace dan amfanin mafi yawa ya yi, ni ba zan ce ƙarya yake ba, zan ce kawo lissafin mu gani, su wa ka ƙirga, su wa ka tsallake, waɗanda zasu ɗauki asarar an tambaye su ko a ofis aka yanke musu, kai da ke riƙe da sikelin a wane ɓangare gidanka ya faɗo? Sannan akwai abinda ban yarda a ɗora shi a sikeli ba tun farko, ran wanda bai yi laifi ba yana ciki, a nan muka raba hanya da Bentham.

Na tsallake mutane da yawa, irin su G.E. Moore da R.M. Hare, da Derek Parfit wanda a 1984 ya nuna cewa in jimillar daɗi kawai ake nema, to duniya cike maƙil da mutanen da da ƙyar rayuwarsu ta fi babu zata fi ƙaramar duniya ta masu wadata, sakamakon da shi kansa ya kira abin ƙyama. Babban abokin hamayyar gidan kuwa, Immanuel Kant na Jamus, mai cewa kar ka taɓa mayar da mutum kayan aiki kawai, ko taɓa shi ban yi ba. In akwai malamin falsafa ko na usulu cikin masu karanta jaridar nan ina roƙon ya ɗauko daga nan, musamman ya warware mana wannan, in ya halatta a karkata taragon nan kan mutum ɗaya, me ya raba shi da wuƙar likita?

Wassalam,
Naka, mai bibiyar jaridarku.